Lambar Baba a Kan Rufin Kwano

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwaram, bakina ya ja min aiki. Ana shirin bikin ranar samun 'yancin kai, sai na bugi ƙirji a gaban hedimasta na ce mahaifina yana da lambar ƙarfe da aka rataya masa yana ɗalibi, ranar da aka fara ɗaga tutar ƙasar nan, kuma zan kawo shi da ita yara su gani. Nan take aka sa shi cikin masu jawabi.

Baba ba ya wasa da lambar nan, minda yake ce mata. Tana ɗauke da tambarin ƙasa, dawakai biyu da mikiya. Muna yara ko taɓawa ba ma yi sai mun wanke hannu.

Ana jibi biki na tafi gida Birnin Kudu. Baba ya ji daɗi, ya jawo akwatinsa ya buɗe tsumman da yake naɗe ta. Wayam. Ya zazzage akwatin kaf, sannan ya zauna bakin gado. Wallahi tausayinsa ya mantar da ni kunyar hedimasta.

Mahaifiyata ta leƙo. "Wai me ake nema ne?"

"Mindata," in ji Baba.

"Wannan kwabon mai huda? Ai yana sama."

"Wane saman, Hajiya?"

Ashe da daminar bara, Baba ya je gona a Sundimina, iska ta ɗaga kwanon ɗakinsa, ruwa na zuba a kan gado. Kafinta ya nemi ƙarfe mai huda da zai zura wa ƙusa ya danne kwanon, yadda ake yi da anini a da. Mahaifiyata kuwa ta tuna da na akwatin Baba.

"Shekara da shekaru yana kwance ba ya tsinana komai," ta ce. "Tun da aka buga shi ka ƙara jin ɗigo?"

Na aro tsani na hau, ni da ko bishiyar mangwaro ban taɓa hawa ba. Ga ta nan kuwa, ƙusa ta bi ta hudar zarenta, mikiya na shan rana. Na yi ihu, "Baba, tana nan lafiya!" Sai dai in na cire ta, yoyo zai dawo.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da wata lambar, irin wadda wani ɗan takara ya raba lokacin zaɓe, da hotonsa da alƙawarin kawo mana ruwa. Ya miƙo min yana dariya har da hawaye.

"Buga wannan. Tunda bai kawo ruwan ba, ya tare mana na sama."

Ranar biki Baba ya sha babbar riga, lambarsa a ƙirji da ɗan tabon guduma a gefe. Yara suka yi layi suna taɓawa, bai ce kowa ya wanke hannu ba.

Har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni. Na gane lamba ɗaya Baba ya riƙe ta a zuci, ɗayar kuwa a aljihu kawai aka cusa masa. Ɗan takarar yana nan kan rufinmu, damina bayan damina, kuma in za a faɗi gaskiya bai taɓa bari ɗigo ɗaya ya sauka a gadon Baba ba.