Irin Yakuwar Inna

Ina tsaye a bayan gidanmu na Glenwood, a nan ƙasar waje, fartanya a hannu, ƙafa ba takalmi, sai maiɗakina ta leƙo.

Ruwan Maris ne ya sauka, ƙasa ta saki ƙamshin nan mai mayar da baƙo gida ba jirgi. A garinmu ruwan farko kiran shuka ne: a sara, a jefa iri, a rufe da dunduniya. Shi ya sa na kwance ƙullin irin yakuwar marigayiya Inna, wanda daga shi babu wani.

"Baban Hafsa, ina za ka da irin Inna?"

"Damina ta yi sallama ta shigo, Hajiya."

"Wace damina? Sanyi bai yi bankwana ba. Raɓa za ta daskare ta ƙone shi, ka zo kana rera mana baitocin makoki."

Sanyin da ke cizon tafin ƙafata ya ba ta gaskiya.

Yanzu irin yana shuke cikin kwalin ƙwai da na cika da ƙasa, a bakin tagar kicin. Da babban yatsa na rufe ramukan, tunda dunduniya ba ta shiga.

'Yan'uwa, wane iri kuka ƙullo daga gida, kuma yaya baƙuwar ƙasa ta karɓe shi?