Rasuwar da muka ɓoye wa yayana yana tekun ƙanƙara

Shekarun baya, soja ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba, yayana ya samu aikin kuku a wani jirgin ruwa. A wani otal na Sabon Gari ya koyi girki, daga nan ya tafi Legas, sai kawai muka ji wai yana can ƙarshen duniya ta kudu, jirginsu na kai Turawa kallon ƙanƙara. Mahaifinmu ya kasa gane wannan lamari. Yakan ce, "Mutum da hankalinsa ya ce a kai shi inda sanyi zai kashe shi? Allah ɗaya, gari bamban."

Ni ne mai karanta saƙonninsa. Nakan taka daga gidanmu a Fagge zuwa shagon intanet na abokina, wani Ibo haifaffen Sabon Gari, in buɗe imel da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar tsaba, in bugo a takarda in kawo gida. Yana ba mu labarin duwatsun ƙanƙara da suka fi benayen kasuwar Singa tsawo, da ranar da ba ta faɗuwa, har ya rasa gane lokacin magariba.

Wata Talata Baba ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta atamfa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Rubuta wa yayanka jikin Baba ya yi tsanani. Ba a jefa wa na nesa mutuwa haka kawai, balle yana tsakiyar ruwa."

Ina cikin rubutawa abokina ya leƙo. Ya ce, "Kai, wannan ba gaskiya ba ne fa."

Na ce, "Haka muke yi. Zai gane." Har da ɗaga kafaɗa, wai ni masanin al'ada.

Bai gane ba. Ya amsa cewa jirgi ba ya juyawa saboda kuku, sai sun yi kwanaki kafin su ga tasha. Kullum sai ya tambaya ko Baba ya ci abinci, ni kuma in rubuta da sauƙi. Da suka isa tasha ya nemi hutu, aka hana shi don ana tsakiyar kakar aiki. Sai ya ajiye aikin, bai gaya wa kowa ba.

Da hantsi ya sauka a ƙofar gida, leda cike da magunguna a hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Wane asibiti aka kwantar da shi?" Kukan mahaifiyata daga cikin gida ne ya ba shi amsa.

Sau ɗaya ya yi mini maganar, bayan mun dawo daga maƙabarta. Ya ce, "Da ka faɗa mini, da na roƙa masa gafara a can, na ci gaba da aikina. Mako biyu ina roƙa wa wanda ke kabari lafiya."

Jirgin bai sake ɗaukarsa ba. Yau yana Legas yana girki a wani ƙaramin otal, kuma ban ƙara jin ya ambaci ƙanƙara ba.

Tun daga lokacin, duk nisan mutum gaskiyar rasuwa nake faɗa masa, ko da za a ce ba ni da tausayi. Amma abin yana cina har yanzu. Idan ya kira ya tambayi lafiyar mahaifiyarmu, na ce lafiyarta ƙalau, sai ya ce, "To, ba ta wayar in ji muryarta."