Namadi da Akwatin Asibiti

Gidan su Namadi a Gummi gidan allo ne. Kakansa ya karantar, ubansa ya karantar, yayansa Abdulmutallib ya gaji zauren tun gemunsa bai cika ba. Namadi ma ya sauke, ba mai cewa bai sauke ba, amma hankalinsa ba ya wajen alƙalami. Rediyon ubansa ya fara buɗewa, ya sha bulala, ya sake buɗewa. Da aka gaji da dukansa aka kai shi kasuwa wurin wani mai gyara, aka ce ga shi nan, su je su ƙarata.

Mai gyaran bai iya karatu ba, amma ya san aikinsa, kuma abu ɗaya ya dasa wa Namadi a ka: in gefe ɗaya ya lalace, dubi gefen da ke da lafiya ka kwaikwaya. Sifikar hagu ta mutu, buɗe ta dama. Waya ta tsinke daga wannan kai, buɗe wancan kan ka ga inda ja ya zauna, inda fari ya zauna. Da wannan Namadi ya ci abinci shekara da shekaru, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya koma Anka ya kafa rumfa kusa da tasha. Ya yi aure sau ɗaya. Hajara ta zauna damina biyu ta ce ita ba za ta iya da mutumin da ya fi yi wa rediyo magana ba, ta tafi, bai bi ta ba. A gida kuwa ba a yi fushi da shi ba, mantawa aka yi da shi a hankali, ban da Inna, mahaifiyarsa. Ita ma ba yabonsa take yi ba. Duk abin da ya lalace a ɗakinta sai ta ƙulle a tsumma ta ba direban motar Anka, wani lokaci tocila, wani lokaci agogon bango. Ya gyara ya mayar, ta sake aiko wani. Wasu ma lafiyarsu ƙalau, batir ne kawai ya ƙare.

Shekarar da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Tungar Daji saboda gubar dalma, likitoci suka zo Anka da motoci da na'urori, suna neman wanda zai kula musu da janareto da sola. Aka nuna musu Namadi. A nan ya haɗu da Uwais, wani injiniya Basakkwace mai yawan dariya, wanda ya fara nuna masa akwatin.

Akwatin ƙarfe ne, bai kai girman tiren shayi ba. Kwamfuta ce, amma ba ta da fuska, ba ta da madannai. Aikinta ta karɓo saƙo daga farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi ta raba wa wayoyi da kwamfutocin asibiti. In tana lafiya ba ruwan kowa da ita. In ta rikice, hanyar jin bakinta ɗaya ce: wata kafa a bayanta mai tsinke tara. A nan ake cusa wata waya ruwan toka, a kai ɗaya kan jikin laftof, a buɗe baƙin allo, a danna babban maɓalli. Sai akwatin ya rubuto abin da ke damunsa.

Uwais ya ce masa, "Wagga waya, ka riƙe ta kamar carbinka. Ba a sai da ita Anka, ba a sai da ita Gummi."

Namadi ya riƙe ta. Ya koyi zaɓen kafa, ya koyi saita gudun magana, don in laftof na sauri akwatin na tafiyar hawainiya, shirme ne zai cika allo. Abin da bai taɓa yi ba shi ne buɗe kan wayar ya ga cikinta. Ba ta taɓa lalacewa ba, shi kuwa ba ya buɗe abin da ke aiki, ya bar wannan tun zamanin bulala.

Da aikin likitocin ya ƙare, Uwais ya koma garinsu, aka kai akwatin da farantin wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye can bayan Nasarawa Burkullu, inda wayar hannu ba ta kamawa ko an hau bishiya. Aka tambaya wa zai bi su. Ba wanda ya ɗaga hannu sai Namadi. Aka ba shi ɗaki a bayan asibitin, jikin ɗakin batura. Ma'aikaciyar jinya na zuwa da safe ta tafi da la'asar. Wanda ke kwana a harabar shi ne Baba Mainasara maigadi, tsoho mai tsince-tsince, wanda ko marfin kwalba ya gani a ƙasa sai ya sa aljihu.

Haka Namadi ya zauna. Ya share sola, ya duba ruwan batir, ya dafa shinkafa da wake a tukunya ɗaya ya ci a cikinta. Mutanen ƙauyen na zuwa gindin katanga da wayoyinsu don su samu saƙo ya shiga, su gaishe shi, su juya masa baya su yi hira da 'yan'uwansu na nesa. Shi saƙonsa daga wuri ɗaya yake zuwa. Inna ta tsufa, ba ta iya riƙe waya, sai Abdulmutallib ya kara mata a baki ta yi faɗanta ya turo.

Daminar da ta wuce, wata safiya, saƙon da ya shigo muryar Abdulmutallib ce shi kaɗai. "Namadi, Inna na kwance. Ba ta cin abinci. In abin ya yi tsanani zan hwaɗa maka ka taho."

Namadi ya saurara ya ajiye. Inna ta sha kwanciya, ya sha tahowa a guje ya tarar da ita zaune tana tsinke zogale, tana tambayarsa wa ya aike shi. Kuma zuwa Gummi daga nan da damina ba wasa ba ne. Rafi ya cika, babur ba ya ƙetarewa, hanyar daji kuwa kowa ya san halin da take ciki. Ya ce zai jira saƙo na biyu.

Da yammar ranar aka yi ruwa da tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo. Akwatin ya kunna fitilarsa kore kamar kullum, amma ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Namadi ya kashe ya kunna, shiru. Ya buɗe kwalin da yake ajiye wayar ruwan toka, ya tarar ɓera ya riga shi. Ya cinye ta daf da kai ɗaya, siraran wayoyin ciki duk sun fito.

Bai damu ba, wannan aikin rabin awa ne. Yana da wani tsohon kai mai rami tara a cikin tarkacensa. Ya datse wanda ɓera ya ci ya jefar ta taga. Ya hura gawayi ya ɗora ƙarfen liƙi. Tun abin da ya gani a Dareta ba ya son warin dalma, sai ya fito waje ya yi, ya wanke hannu da sabulu bayan nan. Ya buɗe kan da ke da lafiya: ja a rami na biyu, fari a na uku, baƙi a na biyar. Ya liƙa sabon kan haka nan, ja a biyu, fari a uku, baƙi a biyar. Liƙi mai kyau, sumul, ko maigidansa na Gummi ba zai kushe ba.

Ya haɗa, ya buɗe baƙin allo, ya danna maɓalli. Ba komai, sai ɗan farin layi na ƙiftawa.

Washegari ya bi komai ɗaya bayan ɗaya. Ya canza kafar laftof. Ya canza gudu, daga dubu tara da ɗari shida ya hau sama, ya sauko. Ko shirme bai fito ba. Ya tuna wani gwaji da Uwais ya nuna masa: ya zare wayar daga akwatin, ya lanƙwasa fil ya haɗa rami na biyu da na uku, yadda duk abin da laftof ya faɗa zai zagayo ya dawo masa. Ya rubuta salamu alaikum. Ta fito a allo, harafi bayan harafi. Waya lafiya lau ke nan, in ji shi. Saura akwatin, tsawa ta ƙone masa kafa.

Daga nan ya bar wayar ya koma kan akwatin da bai yi laifin komai ba. Ya kwance shi, ya shinshina, ya duba da madubi, bai ga ƙuna ba. Ya mayar. Kwana ya bi kwana. Masu zuwa gindin katanga suka zo suka tsaya, suka daina zuwa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi sau biyu, ta koma aika takarda da masu kwalekwale. Wani lokaci da hantsi, in ya gaji, sai ya mayar da fil ɗin ya zauna yana rubutu yana kallon maganarsa na dawo masa. Kowace asuba ya ce in akwatin bai tashi ba yau zai kama hanyar Gummi. Kowace azahar ya ce saura kaɗan.

Ran nan yana zaune a inuwar sola, Baba Mainasara ya zo wucewa da rediyonsa a rataye. A ƙarshen igiyar ratayar wani abu ruwan toka na lilo.

"Baba, mi ne ne wanga?"

"Abin da ka yar. Ku yaran zamani ba ku san darajar kaya ba."

"Yaro da furfura, Baba? Ara mini shi."

"Aro ko ƙwace? Na san halinka, rediyona ma so kake ka buɗe."

"Rediyonka ko ɓera ba shi so. Kawo."

Ba wani tunani ya sa shi karɓa ba, sukurorin jikin kan yake so. Ya warware, marfin ya rabu. Guntayen wayoyin na nan manne inda masana'anta ta liƙa su. Baƙi a biyar. Fari a biyu. Ja a uku.

Ya daɗe yana kallo. Rami na uku baki ne, na biyu kunne. Wayar ba miƙaƙƙiya ba ce, a harɗe aka yi ta da gangan, don bakin laftof ya faɗa kunnen akwati, bakin akwati ya faɗa kunnen laftof. Shi ya haɗa baki da baki, kunne da kunne. Gwajin fil kuwa ba ya bambance wannan, ko a miƙe ko a harɗe magana za ta dawo. Uwais bai taɓa gaya masa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba.

Mainasara ya ce, "Ka ga aljani ciki?"

"Hura mini gawayi, Baba."

Ya sauya ja da fari. Ya haɗa, ya danna. Allo ya cika da shirme, alamomi marasa kan gado, don ya bar gudun inda gwajinsa na ƙarshe ya tsaya. Bai taɓa jin daɗin ganin shirme irin na ranar ba. Ya mayar da gudun daidai, ya sake dannawa. Layi ɗaya ya fito da Turanci. Akwatin na cewa ɗaukewar wuta ta hargitsa masa ajiya, yana tambaya ko ya gyara, e ko a'a. Tun ranar tsawa yake tsaye a kan wannan tambayar. Namadi ya danna harafi ɗaya. Rubutu ya yi ta gudu, fitilu suka fara ƙiftawa, wayar da ke aljihunsa ta shiga kuka ba ƙaƙƙautawa.

Ya fita bayan ɗaki ya bi saƙonnin daga sama, yadda suka zo. Na farko Abdulmutallib: jiki ya yi tsanani, ya taho. Na biyu: shin bai ji ba ne? Na uku muryar Inna ce, ta shaƙe, amma ita ce.

"Namadi, ana ta cewa in yi maka magana. Mi zan ce? Tocilata tana nan ta mace tun kaka, kai kana can kana gadin akwati. In ka zo ka taho da batir, manya, ba irin na wancan karon ba."

Na ƙarshe gajere ne. Abdulmutallib ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa ran Talata da hantsi, an kai ta bayan azahar, an jira shi iyakar abin da ya halatta. Ranar da Namadi ke saurare Asabar ce.

Ya yi salati, ya yi mata addu'a a tsaye. Sannan ya koma ciki ya naɗe wayar ruwan toka, ya sa ta a gwangwanin madara mai marfi. Ya ɗauki ƙusa ya karce a jikin marfin: biyu da uku a harɗe. Ya mayar wa Mainasara guntun kan wayar, tsohon ya karɓa ya sa aljihu.

Da safe ya bi masu kwalekwale. A Gummi ya zauna zauren Abdulmutallib ana ta'aziyya, rabin masu shigowa sai an gaya musu ko wane ne. Ba wanda ya tambaye shi dalilin jinkiri, shi ma bai kawo ba. Da aka buɗe ɗakin Inna ya ga tocilar a ƙarƙashin matashi, ƙulle a tsumma, ba ta samu direba ba. Ya sa mata batir, ta kama.

Bayan bakwai ya koma. Yana can har yanzu, yana share sola. Masu wayoyi sun dawo gindin katanga. Tocilar na rataye a ƙusa kusa da gwangwanin, kuma saƙo ba ya shigo masa sai na sallah.