Kwazazzabon Bayan Gidan Malam Taswira

Ɗalibai ne suka sa masa suna Malam Taswira, saboda yana zana taswira a kan allo ba tare da ya ɗaga alli ba, yana yi yana tsawata wa na bayan aji. Tun gashinsa na baƙi yake koyar da labarin ƙasa a makaranta ɗaya, a ajin da tagarsa ba ta rufuwa. Darasin da ya fi iyawa shi ne zaizayar ƙasa. Yakan zana gangare, ya zana ruwan sama da ɗige-ɗige, ya zana ɗan gida a bakin rami, sannan ya goge gidan da tafin hannu. Yara suna son wannan wurin.

Nasa gidan yana ƙarshen layi. Lokacin da ya sayi filin, abin da ke bayansa ɗan lambatu ne da akuya ke tsallakewa. Ya san abin da lambatu ke zama a ƙasa mai yashi, ai shi ke koyar da shi. Amma matarsa na da tsohon ciki, mai gidan haya kuma ya ce su tashi, sai ya gaya wa kansa cewa irin wannan abu ƙarnuka yake ɗauka. A littafi haka yake. Nasa lambatun bai jira ba. Ya cinye katangar baya, ya cinye bishiyar gwaiba, daminar bara ya ɗauki rabin banɗaki. Malam ya zuba buhunan yashi, ya jera tsofaffin tayoyi, ya dasa ciyawa. Ramin ya karɓe duka.

Shi ya sa da aka liƙa sanarwa a ɗakin malamai cewa jami'a za ta yi jerin laccoci kan duwatsu da kimiyyar ƙasa don malaman labarin ƙasa, shi ya fara sa sunansa. Ba takardar shaida yake nema ba. So yake wani da ya fi shi karatu ya gaya masa cewa gidan zai tsira.

Shugaban makaranta ya kira shi ofis.

"Malam, abin arziki ya same mu. Ranar ƙarshe za a fita da mahalarta su ga misali da idonsu. Farfesar da za ta ba da laccocin ta zaɓi wurin daga hoton tauraron ɗan'adam, wai babu irinsa a duk yankin. Kai za ka yi musu jagora, tunda ta wajenku ne."

Malam ya karɓi hoton. Ya gane rufinsa da sabon kwanon da ya yi faci da shi.

Da ya gaya wa matarsa, ta ce, "To in share bakin ramin ne, ko ya fi kyau a hoto yadda yake?"

"Ki dai kwashe shanya."

A laccocin ya zauna a gaba yana rubutu. An yi bayanin yadda duwatsu ke narkewa su sake daskarewa, da yadda teku ta taɓa kwanciya inda mutane ke noma yau. Komai da miliyoyin shekaru ake lissafa shi. Babu abin da aka faɗa don mutumin da lissafinsa bai wuce damina mai zuwa ba.

Ranar fita, bas ta sauke su a ƙarshen layin. Malamai suka jeru a bakin kwazazzabon suna ɗaukar hoto. Farfesar ta nuna musu hawa-hawan ƙasar da ruwa ya yanke, ta ce abin sha'awa ne. Wani malami mai babbar murya ya dubi rabin banɗakin da ke reto, ya ce, "Wanda ya gina nan ko firamare bai leƙa ba." Aka yi dariya. Malam Taswira ma ya ɗan taya su.

Sai ga matarsa da jarkar ruwa. "Baban yara, kofunan ba za su isa ba, su yi haƙuri su riƙa karɓa-karɓa."

Kowa ya sami abin dubawa a wayarsa.

Tunda abin ɓoyewa ya ƙare, Malam ya yi tambayarsa a gaban kowa. "Ranki ya daɗe, ramin zai tsaya?"

Farfesar ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ruwan unguwar gaba ɗaya nan yake sauka, sai an gina babbar magudana tun daga sama, wannan kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. "Wa ke kwana a ɗakin baya?"

"Yara."

"Ku dawo da su gaba tun yau."

Sannan ta ce tana da roƙo. Ba kasafai ake samun mai ilimin abin yana zaune a bakin abin ba. Ko zai riƙa auna tazarar da ta rage tsakanin ramin da bango bayan kowane ruwa, ya tura mata? Za ta sa sunansa a cikin godiya.

Ya ce zai yi. Ta bar masa tef ɗin awo, sabo fil.

Kafin hadarin farko matarsa ta kwashe yara da katifu zuwa gidan yayanta. Malam ya zauna. Duk safiyar da aka yi ruwa yakan fita da takalmin roba, ya kafa tef a gindin bango, ya ja zuwa bakin ramin, ya tura lambar kafin ya tafi aji. An ce farfesar ta yaba da shi ƙwarai. Bai taɓa ƙara ko taƙi ɗaya a kan abin da tef ɗin ya nuna ba.