Taurarin da Wutarsu Ba Ta Kama Ba

Ruma zuwa Batsari

Ana sallame sallar asuba na hau babur. A shekarun nan ba mai son hanya da duhu-duhu, amma 'yata Bilki ta ce ƙarfe goma za ta tsaya gaban malamanta a Dutsin-ma, jarrabawar ƙarshe. In ta faɗi, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Shida da rabi ina tashar Batsari. Kunu da ƙosai, sai mota.

Runka

Akori-kura ce, mu da buhunan garin kwaki. Shinge uku muka wuce. A Runka 'yan sa-kai suka tsayar da mu awa guda, wai an hangi baburan 'yan bindiga a gaba.

"Baba, ko za ka koma?" in ji direba.

"Shanuna suka kora, ba ni ba. Ja mu tafi."

Tara da kwata na canja mota a Safana.

Dutsin-ma

Na tarar ta fara. Malamai uku, allo cike da lissafi. Babbansu, mai furfura, ya dakatar da ita.

"Mahaifinki ne wannan? Ajiye Turanci, yi masa bayani. In bai gane ba, ke ma ba ki gane ba."

Ta juyo gare ni ta ce, "Baba, tauraro daga gajimaren iska da ƙura yake fitowa. Gajimaren ya dunƙule, nauyinsa ya matse cikinsa har wuta ta kama. Wasu ba sa tara nauyin da ya isa. Sai ɗumi da ɗan ja-ja, wutar ba ta riƙewa. Su nake nazari."

"Me ya hana su tarawa?"

"Wasu gajimaren nasu ne ƙarami. Wasu kuma da yawa ake haifarsu wuri guda, manyan su ture ƙaramin waje kafin ya ƙoshi."

"Ɗan akuya na uku ke nan," na ce. "Nono biyu ne. In ba a ba shi da hannu ba, mutuwa yake."

"Waɗannan ba sa mutuwa, Baba. Tafiyarsu suke su kaɗai, suna hucewa a hankali."

Na dubi malamin. "Na gane. Sai dai in kai ne da saura."

Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya sa hannu a takarda.

Gida

Shinkafa da wake muka ci, na juyo da azahar, don hanyar ba ta la'asar ba ce. Biyar saura na sauka Ruma. Maƙwabcina Malam Sule ya tare ni.

"To, taurarin nan me za su tsinana mana?"

"Ban sani ba. Manyan malamai uku sun miƙe mata tsaye. Da idona na gani."

Direba da 'yan sa-kan Runka, Allah ya saka. Alhamdu lillahi.