Kukan da na ji a salula

Mijina bai taɓa ɗaga mini hannu ba sai da ya dawo daga Libiya. A can 'yan bindiga suka kama shi suka kulle. Sai su kira salulata, su kara masa a baki, su hau shi da duka don in ji. Na ji kuwa. Ƙato kamarsa yana kuka, yana kiran innarsa. Sai da muka sayar da shanun huɗa aka sako shi.

Ya dawo garinmu Kwaya da ƙafarsa, amma wani mutum aka maido mini. In na yi dariya da maƙwabciya, da shi nake. In na yi shiru, raini ne. Mari ya zama ruwan sha a gidan. Ni kuma bakina ba ya mutuwa, sai da na samu ciki na koyi haɗiye magana, don ba na son abin da zai taɓa cikin.

Ranar ina tuyar ƙuli-ƙuli da hantsi, ɗan maƙwabciya ya zamo daga amalanke. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma ya cika unguwa da "wayyo inna". Dariya ta kuɓuce mini.

Mijina na zaune a gindin zana. Ya miƙe ya ce, "Ke, me kika tuna?"

"Me zan tuna, maigida? Yaro ne ya faɗi."

Ya fizgi muciya ya hau ni da ita. Ta farko a kafaɗa, ta biyu a kunne. Na duƙunƙune, na rufe cikina da hannuwa. Raina ya ɓaci, na ce, "Ni na ɗaure ka? Ka je ka rama a kansu mana!" Sai ya sa ƙafa. Ya yi ta shuri har maƙwabta suka keto zana suka danne shi.

A asibitin Magarya na farka. Da la'asar ya shigo, ya tsuguna a bakin gado. Ya ce, "Duk garinmu ke kaɗai kika ji kukana a salula. In kika dube ni, sai in ga kina jin sa har yanzu."

Na ji tausayinsa, wallahi, kuma na tsane shi. Ya tambaya a hankali, "Cikin fa?"

Na ce, "Namiji ne, bai zo da rai ba. Yana wurin ungozoma, ka karɓa ka kai shi makwanci."