Baƙon da Ya Zo Neman Zanen Gidansu

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, amma ban da ranar da na kai wani baƙo wurin wanzamin Gabi. Farkon shekarun 1970 ne, ina wakilin wata jarida ta Yamai a Madarunfa. Ku yaran yanzu ba ku san wakilci ba: kai ne mai rubutu, kai ne mai hoto, kai ne tafintan duk baƙon da aka rasa inda za a kai shi.

Da safe sufurefe, wato shugaban mulki na yankin, ya aiko a kira ni biro, ofishinsa ke nan. Na tarar da wani dogon mutum, baƙi wuluk kamar ni, yana ta share zufa.

"Marubuci ne daga Amurka," in ji sufurefe. "Yana littafi kan baƙar fata. Wai kakanninsa bayi ne, yana son sanin asalinsa. Ka nuna masa kiɗa da rawa, kada ya tafi mana da mugun labari."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Faransancin baƙon gurgu ne, amma mun fahimci juna. Ba kiɗa ya kawo shi ba. An gaya masa a ƙasarmu ana gane gidan mutum a fuskarsa, shi ne ya ƙetaro teku. Wallahi tun a mota tausayinsa ya kama ni.

A Gabi muka fara gaida maigari, yadda ƙa'ida take, sannan aka kai mu zauren Sarkin Aska, shugaban wanzamai. Tsoho ne tukuf. Ya kama haɓar baƙon, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya shafa kumatun da babban yatsa.

"Malam, wannan fuska ba a taɓa sa mata aska ba. Me zan gani?"

Na fassara. Baƙon ya matso da na'urar ɗaukar magana, ya ce in tambaya: da kakansa na farko ne ya zo, ai za a gane shi ko?

Tsohon ya juyo gare ni.

"Gaya masa ba lalle ba. Kakana shi ke yi wa bayi sabon zane bisa na gidajensu, don kada danginsu su gane su a kasuwa. Aikin gidanmu ne."

Na ce, "Baba, haka zan faɗa masa?"

"Yo ƙarya za ka faɗa masa, bayan wannan doguwar tafiya?"

Na faɗa, ban rage ba. Baƙon ya kashe na'urar. Sai tsohon ya jawo zabirarsa, jakar kayan askarsa, ya ce in yana so zai yi masa zanen gidansu na wanzamai yanzu, ya zama nasu. Baƙon ya dubi askar, ya dubi tsohon, ya girgiza kai. Har muka iso Madarunfa hannunsa na kan kuncinsa.

Na gaji da wannan aiki tun kafin in tsufa, kuma daga ranar gajiyar ta fara. Ɗan jarida na iya kai mutum har bakin amsarsa, amma ba ya iya sa ta yi daɗi. A tasha baƙon ya tambaye ni ko na san ma'anar zanen da ke fuskata. Na ce na gidanmu ne.

Ya ce, "Ka tabbata?"

Ban taɓa tambayar kowa a gida ba, har yau.